Maganin raunin mazakuta ta hannun likitan intanet: sharhi kan Superdrug Online Doctor

Ga magidancin da ke zaune a Birtaniya, wanda gabansa ya fara rauni kuma kunya ta hana shi zama gaban likita ya faɗa, Superdrug Online Doctor hanya ce mai kyau ta samun magani na gaskiya. Ƙwayar da za a aiko maka ba jabu ba ce, likita mai rajista ne zai duba bayananka, kuma ba wanda zai san abin da ke cikin kwalin. Amma akwai abu guda da ya kamata ka sani tun kafin ka buɗe shafin: likitan ba zai gan ka ba, ba zai ɗaura maka abin awon jini a dantse ba, ba zai saurari bugun zuciyarka ba. Abin da ka rubuta masa shi ne duk abin da ya sani game da kai. Darajar wannan hidima da haɗarinta duk a nan suka haɗu.

Superdrug kamfani ne mai shaguna da kantunan magani a faɗin Birtaniya, kuma likitocin da ke duba buƙatun da ake turawa ta shafinsa na kamfanin Zava ne, wanda a da ake kira DrEd. Hukumar CQC ce ke sa ido kan irin waɗannan asibitocin intanet a Ingila, hukumar GPhC ke yi wa kantunan magani rajista, likitocin kuma suna ƙarƙashin hukumar likitoci ta GMC. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ado. Kowane shafi na halak yana rubuta lambar rajistar kantinsa a ƙasan shafin, kuma kana iya kwafe lambar ka bincika a rajistar GPhC ka ga ko suna da adireshi sun yi daidai. Aikin minti biyu ne. Shafin da ya ce zai sayar maka da sildenafil, wato ƙwayar maganin raunin gaba, mai miligiram 100 ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ko yake tallar Kamagra, wanda ake yi a Indiya kuma ba shi da lasisin sayarwa a Birtaniya, ka rufe shi kawai.

Yadda abin yake tafiya ba wuya. Za ka zaɓi maganin da kake so da ƙarfinsa da yawan ƙwayoyin, ka cike takardar tambayoyi kan lafiyarka, ka buɗe asusu da sunanka na gaskiya da ranar haihuwarka, ka biya. Daga nan likita zai karanta amsoshinka. Ko ya amince, ko ya turo maka saƙo ta asusunka yana neman ƙarin bayani, ko ya ba da shawarar wani maganin ko wani ƙarfin, ko ya ƙi gaba ɗaya a mayar maka da kuɗinka. In an amince, ana aiko maganin gida cikin kwalin da ba ya nuna abin da ke ciki, ko ka je ka karɓa da kanka a kantin maganin Superdrug, wanda ya fi dacewa ga mai zama gidan haya da mutane ko gidan da yara ke buɗe saƙo. Sai ka kai shekara 18 ake sayar maka. Mutane da yawa suna mantawa su sake leƙa asusunsu, sai su zauna suna jiran kaya alhali likita ya yi tambaya yana jiran amsa. Ka duba saƙonninka a ranar da ka yi oda.

Tsarin da ke sa ka fara zaɓen magani kafin a tambaye ka lafiyarka, a ganinmu, baibai yake. A asibiti ana fara sauraron ciwo ne sannan a zo maganar magani. A nan mutum yana shiga kamar mai sayayya, ya riga ya ƙudurta abin da yake so, sai tambayoyin su zame masa kamar shingen da zai tsallake. Wannan ne ke jan mutane su riƙa danna "a'a" a kan komai don kada a hana su. Don haka bari mu tsaya a kan tambayoyin nan, a ga dalilin kowace.

Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin gaba suna sakin wani sinadari da ake kira naitirik oksayid, shi kuma ya sa a samar da cGMP, wanda ke sassauta tsokar jijiyoyin jini har jini ya kwararo ya cika azzakari. Akwai wani sinadarin mai suna PDE5 da ke rushe cGMP ɗin. Sildenafil da tadalafil da vardenafil da avanafil duk aikinsu ɗaya ne, su toshe PDE5 don cGMP ya daɗe. To magungunan ciwon ƙirji na zuciya da ake kira naitiret su ma ta wannan hanyar suke aiki, suna ƙara cGMP a jijiyoyin jinin jiki baki ɗaya. In aka haɗa biyun, jijiyoyi su buɗe fiye da kima, jini ya faɗi warwas, mutum ya suma ko zuciya ta rasa jinin da take buƙata. Ana mutuwa da wannan. Sunayen da za ka duba a kwalayen maganinka su ne feshin GTN da ake fesawa ƙarƙashin harshe, isosorbide mononitrate, isosorbide dinitrate, da nicorandil. Haka nan riociguat, maganin hawan jinin huhu, da abin shaƙan nan da ake kira poppers. Mai amfani da ɗaya daga cikinsu, ko da sau ɗaya a wata yake fesa GTN ɗin, wannan magani ba nasa ba ne, kuma babu ƙaramin ƙarfin da zai zama lafiya gare shi.

Tambaya ta gaba mai nauyi ita ce awon jininka. Za a tambaye ka, kuma a nan ne mafi yawan ƙaryar take. Wani ya rubuta lambar da aka gaya masa shekara uku da suka wuce, wani ya ƙirƙiro 120 bisa 80 don ya ji ana cewa ita ce mai kyau. Ka auna da gaske. Kantunan magani da yawa suna aunawa, ko ka sayi na'urar dantse ka zauna minti biyar ka huta kafin ka auna, sau biyu, ka rubuta abin da ka gani. Wanda jininsa ya yi ƙasa da 90 bisa 50 ba a ba shi maganin, kuma mai hawan jinin da bai daidaita ba sai an fara daidaita shi. Mai hawan jini da ke shan maganinsa, jininsa ya zauna daidai, galibi yana iya amfani da shi. Wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a 'yan watannin baya, ko wanda hawa bene hawa biyu ke sa masa ciwon ƙirji ko haki mai tsanani, matsalarsa ta wuce ƙwayar. Saduwar kanta aiki ce ga zuciya, sai likitan zuciya ya ce ya iya.

Akwai magungunan da ba su hana ka sha ba amma suna sauya ƙarfin da ya dace da kai. Masu shan tamsulosin ko doxazosin saboda kumburin furostet ko hawan jini ana fara musu da sildenafil miligiram 25, don haɗuwar biyun na kawo jiri idan mutum ya miƙe tsaye. Clarithromycin, erythromycin, ketoconazole da itraconazole suna hana hanta narkar da maganin da wuri, sai ya taru a jini, nan ma 25 ake farawa. Mai shan maganin ƙanjamau da ke ɗauke da ritonavir bai kamata ya wuce miligiram 25 cikin awa 48 ba, kuma gara ya yi maganar da likitan da ke kula da shi. Mai ciwon hanta ko ciwon ƙoda mai tsanani shi ma ya fara yin magana da likitansa. Lemon girefurut da ruwansa ma suna hana jiki narkar da maganin da wuri, a bar su ranar shan magani. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka wurin cike wannan sashe. Ka ɗauko kwalayen maganinka duka ka ajiye a gabanka ka kwafi sunayen harafi da harafi, har da na gargajiya da aka aiko maka daga gida.

Sai maganar sikila, wadda ta shafe mu fiye da yawancin masu amfani da shafin. Mazan da ke da sikila suna da saurin samun miƙewar gaba mai zafi da ba ta kwanciya, ko ba su sha komai ba, kuma waɗannan magunguna suna iya tayar da ita. Jinin da ya maƙale a gaba ba ya samun iska, in aka daɗe naman wurin ya lalace, mutum ya rasa ƙarfinsa har abada. Mai sikila ya faɗa a takardar, kuma shawararmu ita ce ya bar shafin ya je wa likitan jininsa kai tsaye. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta ce a nemi taimakon gaggawa idan miƙewa ta wuce awa 4, hukumar lafiya ta NHS kuma tana cewa a tafi sashen gaggawa in ta wuce awa 2. Ka bi na biyun. Kunyar faɗa wa ma'aikaciyar jinya ba ta kai asarar da ke cikin jira ba. Wanda ya taɓa rasa ganin ido ɗaya farat ɗaya saboda toshewar jinin jijiyar gani, ko mai ciwon ido na gado da ake kira retinitis pigmentosa, shi ma an hana shi.

A ɓangaren zaɓi, shafin ya yi ƙoƙari. Akwai sildenafil, wanda Pfizer ya fitar da sunan Viagra a 1998, kuma tun da ikon mallakarsa ya ƙare a Birtaniya a 2013 kamfanoni da dama ke yin sa da araha. Sinadarin ɗaya ne, ƙarfin ɗaya ne, biyan kuɗin sunan Viagra ba ya ƙara maka komai sai launin ƙwaya. Yana zuwa a miligiram 25 da 50 da 100. Ana farawa da 50, a sha kamar awa ɗaya kafin saduwa, yana aiki wajen awa 4, kuma ba a shan fiye da ƙwaya ɗaya cikin awa 24. Tadalafil, wato Cialis, ana shan 10 ko 20 aƙalla rabin awa kafin buƙata, tasirinsa na kaiwa awa 36, kuma abinci ba ya hana shi aiki. Akwai kuma na kullum mai miligiram 2.5 ko 5, da ake sha lokaci guda kowace rana, wanda ya dace da mai kusantar iyali sau biyu ko fiye a mako, ko wanda lissafin agogo ke ƙara masa fargaba. Na kullum ɗin yana ɗaukar kwana biyar kafin ya zauna a jini, kada a yanke masa hukunci a daren farko. Avanafil, da ake sayarwa da sunan Spedra, ya fi saurin kamawa, minti 15 zuwa 30, amma ya fi tsada. Ga mai farawa, ƙaramin fakitin sildenafil 50 ya isa. Ba sai ka shiga rajistar wata-wata ba, irin wadda kamfanin Hims ke yi a Amurka inda ake ci gaba da cire kuɗi ana aiko magani. A nan kana iya saye sau ɗaya ka tsaya.

Yawancin masu cewa maganin bai yi musu aiki ba, yadda suka sha shi ne matsalar. Wani ya cika ciki da tsire ko soyayyen kifi da dankali sannan ya haɗiyi sildenafil, alhali abinci mai maiƙo na jinkirta kamawarsa da kusan awa guda kuma yana rage ƙarfinsa. Wani ya sha minti goma kafin. Wani ya sha ya kwanta yana jiran abu ya faru da kansa, bai san cewa ƙwayar ba ta haifar da sha'awa ba, in babu wasa da motsuwar rai babu abin da za ta yi. Giya ma tana kashe aikin, tana kuma ƙara jiri. Likitocin wannan fanni suna cewa a gwada har sau takwas a ranaku daban-daban, a kan ƙarfin da ya dace, kafin a ce magani ya gaza. In 50 bai isa ba kuma bai dame ka ba, ka tura wa likitan saƙo ka nemi a duba ko za a kai ka 100. Kada ka ninka da kanka, kada ka wuce 100, kada ka haɗa sildenafil da tadalafil don wai ɗaya ya taimaki ɗaya. Abin da zai ƙaru ciwon kai ne da faɗuwar jini. Kuma a sani, wannan ba maganin saurin inzali ba ne, ba ya ƙara girma, ba ya ƙara maniyyi ko haihuwa, ba ya kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Illolin da aka saba gani ba su da tsanani: ciwon kai, zafi da jan fuska, ƙwannafi, toshewar hanci. Sildenafil kan sa wasu su ga abubuwa da ɗan shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci, tadalafil kan kawo ciwon baya da na tsoka bayan kwana ɗaya. Waɗanda ba a wasa da su kuwa su ne ɗaukewar gani ko ji farat ɗaya, kumburin fuska ko maƙogwaro, da ciwon ƙirji. In ƙirji ya kama ka lokacin saduwa, ka tsaya, ka zauna, a kira 999, kuma ka gaya wa ma'aikatan motar asibiti sunan abin da ka sha da lokacin da ka sha. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da sukan ba mai ciwon ƙirji shi ne GTN, kuma bai halatta a ba ka shi ba sai bayan awa 24 da shan sildenafil, ko awa 48 da shan tadalafil. Saboda haka ne muke ganin ɓoye wa uwargida kuskure ne. In ka faɗi ba ka iya magana, ita ce za ta faɗa.

Inda hidimar ta gaza ba a ingancin ƙwaya ba ne. Raunin gaba sau da yawa alama ce ta wani ciwon da bai fito fili ba tukuna. Jijiyoyin jinin azzakari faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuma 3 zuwa 4, don haka in kitse ya fara toshe hanyoyin jini, ƙananan ne ke fara nunawa. An sha ganin raunin gaba ya riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Ciwon suga ma haka yake, yana cin jijiyoyi a hankali, kuma maza da yawa ta dalilin wannan ƙorafin aka gano suna da shi. A wurinmu an saba ɗora laifin a kan basir ko sanyi ko shan zaƙi, sai mutum ya shekara yana shan jiƙo alhali suga ne ke aiki a jikinsa. Likitan intanet zai rubuta maka shawarar ka je a duba ka, amma ba abin da zai tilasta maka, kuma da zarar ƙwayar ta yi aiki yawancin mutane sun manta da shawarar ke nan. Duk wanda ya wuce shekara 40, ko mai ƙiba, ko mai shan taba, ya nemi likitansa na unguwa ya yi masa awon jini, gwajin suga na HbA1c, gwajin kitsen jini, da gwajin testosteron, wato sinadarin mazakuta, da ake ɗiba da safe kafin ƙarfe 11. In an tambaye ka ko ka yarda a sanar da likitan naka abin da aka ba ka, ka ce e. Ta haka ne ba zai rubuta maka naitiret wata rana cikin rashin sani ba.

Takardar tambayoyi kuma ba ta iya tono abin da hira ke tonowa. Saurayi ko sabon ango da yake tashi da safe gabansa a miƙe amma abin ya ƙi in ya je ga amarya, galibi fargaba ce ke damunsa, jijiyoyinsa lafiya lau suke. Ƙwayar na iya taimaka masa ya samu natsuwa na ɗan lokaci, amma magana da mai ba da shawara ta fi ta amfani. Wani kuma maganin da yake sha ne sanadi: wasu magungunan hawan jini, magungunan damuwa, finasteride na sanƙo ko furostet. Tiramadol da matasa ke sha don jinkirta inzali, in aka daɗe a kansa, yana rage testosteron ya kashe sha'awar gaba ɗaya. Irin waɗannan sai an zauna da likita an duba ko za a sauya magani, kuma kada kowa ya daina maganin hawan jininsa da kansa saboda wannan.

Batun kuɗi, akwai abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Tun 2014 likitan unguwa yana iya rubuta sildenafil a ƙarƙashin NHS ga duk namijin da ke da wannan matsala. A Ingila kuɗin kowane magani a takardar NHS fam 9.90 ne tun watan Mayun 2024, kyauta ne ga wanda ya kai shekara 60 da mai ciwon suga da ke shan magani kuma yake da takardar yafewa, kuma a Sukotilan da Wales ba a biya sam. Sannan tun 2018 ana sayen Viagra Connect mai miligiram 50 a kantin magani ba da takardar likita ba, bayan mai harhaɗa magani ya yi maka tambayoyi, Cialis Together mai miligiram 10 kuma ya biyo baya a 2023. Wato abin da kake saye a shafin Superdrug sirri ne da sauri, da damar samun ƙarfi da nau'in da ba a bayarwa a kan kanta. Ga wanda in ba ta wannan hanyar ba to ba zai taɓa neman magani ba, ko zai koma sayen na bayan fage, kuɗin ya biya. Ga mai ciwon zuciya, ko sikila, ko mai shan magunguna da yawa, ofishin likita ne wurinsa.

Idan kayan sun iso, ka duba lakabin kantin magani mai ɗauke da sunanka da yadda za ka sha, lambar rukuni da ranar lalacewa a kan kwali da kan faifan ƙwayoyin, da takardar bayani a ciki. Sunanka da ke kan kwalin yana da ma'ana. An ba ka maganin ne bisa awon jininka da magungunanka. Al'adar nan ta saya a sa a jakar mai tafiya gida, a kai wa yaya ko aboki a Kano ko Zariya a matsayin tsaraba, tana iya kashe mutum, domin ba ka san ko yana shan isosorbide ba, shi ma wataƙila bai san sunan ƙwayar da aka ba shi a asibiti ba.

Ga mai karatu da ke Najeriya, wannan shafin ba zai aiko maka ba, amma ƙa'idojin maganin ɗaya ne a ko'ina. Haɗarin da ya fi girma a gida shi ne haɗe-haɗen maganin maza da zumar ƙarin kuzari da ake rubuta wa "na itatuwa zalla". A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni masu sayar da irin wannan zuma bayan gwaji ya nuna an zuba mata sildenafil da tadalafil a ɓoye. Mai shan irin wannan bai san me ya sha ba, bai san nawa ya sha ba, kuma in yana kan maganin zuciya ba abin da zai gargaɗe shi. Ka sayi ƙwaya a kantin magani mai rajista inda akwai ƙwararren mai harhaɗa magani, ka duba lambar NAFDAC, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya. In za ka yi magana da likita ta waya ko bidiyo, ka nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta hukumar likitocin Najeriya, MDCN, ka kuma shirya awon jininka da sunayen magungunanka kafin kiran. Wanda ya gwada sau takwas yadda ya kamata bai ga sauyi ba, ya nemi a tura shi sashen likitocin mafitsara, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake duba jijiyoyi da sinadaran jiki, a kuma yi maganar allurar alprostadil ko na'urar zuƙo jini ga wanda ƙwaya ba ta karɓe shi ba.